Rabin Maganar Duktura Insaf

Gidan su Insaf a garin Tanta na ƙasar Masar gidan sukari ne. Kakanta alewa ya dafa har ya tsufa, mahaifinta ma haka, kuma shagon da suka bari a bayan babban masallaci, idan lokacin mauludi ya zo ko wurin ajiye ƙafa ba ka samu a ƙofarsa. A cikin wannan gida Allah ya fito da yarinyar da za ta ƙare rayuwarta tana bin diddigin abin da sukari ke yi a jikin mai ciwon daji. Yayanta Shauƙi, wanda ya gaji shagon, yakan ce da ɓarawo aka haifa musu da ya fi sauƙi, domin ɓarawo kaya kawai zai ɗauka, ba zai ɓata sunan sana'a ba.

Tana sakandare mahaifiyarsu ta kwanta. An ce mata gyambon ciki ne, ita ma marar lafiyar haka aka gaya mata. Manya kuwa idan suka koma bayan ƙofa sai su rage murya su ce "wancan ciwon". Haka ake yi, ba a kiran sunansa, kuma ba a gaya wa mai shi, don kada tsoro ya riga ciwon kashe shi. Sai da Insaf ta shiga jami'a a Alƙahira ta ci karo da ciwon mahaifiyarta a cikin littafin karatu, da sunansa da hotonsa. Ta rufe littafin ta fita ta yi amai, ta dawo ta buɗe shi. Ana iya cewa daga ranar ba ta sake rufe shi ba.

Ta tafi Jamus ta yi digirin dakta, ta dawo da doguwar rigar sanyi da babu ranar da za ta yi mata amfani a Masar. Aka ba ta ɗakin bincike a saman bene, da firji mai gurnani, da ɓeraye farare a cikin keji. Akwai wani mai kantin magani da ya nemi aurenta, ya jira har ya gaji ya auri 'yar kawunta. Insaf ta aika musu da babban tiren kayan zaƙin nan kunafa daga shagon gidansu, ita kuwa ba ta je bikin ba, wai ɓerayenta na tsakiyar gwaji.

Tun kafin a haife ta masana sun san ƙwayar ciwon daji mayunwaciya ce, tana zuƙar sukarin jini fiye da lafiyayyar ƙwaya nesa ba kusa ba. Abin da Insaf ta ƙara, bayan shekaru masu yawa da furfura ta fito mata a kansa, shi ne abin da ke biyo baya idan aka hana ƙwayar sukarin. A ciwon hanta dai ƙwayar ba ta mutuwa. Sai ta juya ta nemi wani abincin, jiki kuma ya shiga narkar da tsokarsa da kitsensa, ita tana ci, mai ita yana ƙarewa. Insaf ta gano ɗaya daga cikin ƙofofin da ƙwayar ke buɗewa idan za ta yi wannan juyi. Ɗalibanta suka watsu, wasu a Turai, wasu a ƙasashen Larabawa, suna neman maganin da zai toshe ƙofar, kuma duk wanda ya rubuta wani abu a kai sai ya ambaci sunanta.

A Tanta babu wanda ya san wannan. Abin da Tanta ta sani shi ne ranar da aka gayyaci Duktura shirin safe na talabijin. Shauƙi ya fito da akwatin talabijin ƙofar shago, ya jera kujeru, ya raba wa unguwa shayi. Ta yi dogon bayani a ɗakin ɗaukar shirin, amma da aka yanke aka gyara, abin da ya fito bai wuce tsawon shan kofi ɗaya ba, kuma jimla ɗaya ce ta zauna a kunnen mutane: ciwon nan sukari yake ci.

"Madalla da ƙanwa," in ji Shauƙi a waya. "Saura ki zo ki sa wa shagon kwaɗo da hannunki."

"Yaya, ba su sa ƙarshen maganar ba."

"Farkon ma ya ishe mu, ya Duktura."

Shagon bai rufe ba, don mutanen Tanta ba sa barin zaƙi saboda talabijin. Marasa lafiya ne suka ɗanɗana. Duk gidan da aka kwantar da mai wancan ciwon, sai a ɗauke masa gwangwanin sukari, a bi da burodi, a bi da shinkafa, a ce Duktura ce ta faɗa. Duk zuwan da ta yi gida sai ta zauna da mata tana gyara maganar. Su saurara da ladabi, su ce Allah ya ƙara ilimi, su koma su ci gaba. Rabin farko na maganar gajere ne, kuma yana ba mutum abin da zai yi da hannunsa. Rabi na biyu dogo ne, ba ya ba kowa komai.

Shauƙi ya haura sittin lokacin da idonsa ya fara yin rawaya. Insaf ta kawo shi Alƙahira aka yi masa hoton da ake fara ɗura wa mutum wani irin sukari a jijiya, inda ciwon yake sai ya zuƙe sukarin ya haska a na'ura. Hantar Shauƙi ta haska kamar titin masallaci a makon mauludi. Likitan ya kira Insaf da matar Shauƙi, Ummu Ramzi, ya gaya musu a baranda. Shi kuwa aka ce masa kumburin hanta ne.

Ummu Ramzi ta riƙe hannun Insaf tun kafin su koma ɗakin. "Ki rantse ba za ki kira masa sunan abin nan ba. Na san ku 'yan boko, komai sai kun faɗa."

Insaf ta rantse.

Da suka koma Tanta, Shauƙi ya ce a daina sa masa sukari a shayi, mutumin da a da cokali ke tsayawa a kofinsa. Bayan 'yan kwanaki ya ture burodi. Sai shinkafa, sai wake, har dabino. Ya koma kokwamba da ɗan farin cuku. Idan matarsa ta yi magana ya ce teɓa yake ragewa, ko tana so ya mutu bai taɓa ganin yatsun ƙafarsa ba? Jallabiyarsa ta zama kamar an rataye ta a ƙusa. Likita ya duba shi ya gaya wa Insaf a gefe cewa jikin nan ba zai ɗauki magani ba, sai in ya ci abinci ya ɗan murmure, kuma lokaci ba ya jira.

Ta samu Ummu Ramzi a kicin tana yanka ganyen mulukiya, wato lalo, na miyar da babu mai ci.

"Ya sani," in ji Insaf.

"Bai sani ba."

"Shekara talatin yana jin surutuna a kan tebur. An ɗura masa sukari an sa shi a na'ura. Yaya ba yaro ba ne. Yana ɓoye miki ne yadda kike ɓoye masa."

Ummu Ramzi ba ta ɗaga kai ba. "To in ya sani, ai maganarki yake bi. Ke kika faɗa wa duniya. Yanzu kuma da ya zo kan ɗan'uwanki sai maganar ta canza?"

"Ba ta canza ba. Ba a ji ƙarshenta ba ne."

"Ki gaya masa ƙarshen. Amma kin rantse."

Bayan la'asar Insaf ta sa Ramzi, babban ɗan Shauƙi da ke riƙe da shagon yanzu, ya aiko da basbusa mai zafi, kek ɗin nan da ake jiƙawa da ruwan sukari. Ta ɗauki farantin ta fita baranda inda Shauƙi ke kishingiɗe yana kallon masu keken doki. Ta ajiye a tsakaninsu. Ya dubi farantin ya kau da kai.

"Yau kuma ke ce mai tallan zaƙi? Duniya ta zo ƙarshe."

"Ni zan ci. Yaya, na taɓa ba ka labarin ɓerayena?"

"Kin taɓa ba ni labarin wani abu daban?"

"Akwai shekarar da na raba su gida biyu. Dukkansu suna da abu a hanta. Rabi na ba su abinci yadda suke so. Rabi na hana su duk abin da ke zama sukari, ina murna, na ce yunwa za ta kashe abin."

Shauƙi ya daina kallon titi.

"Abin bai ji yunwa ba ko kwana ɗaya. Da bai samu a kwano ba sai ya ci daga jikinsu. Cinyoyinsu suka tafi, bayansu ya tafi. Da na zo ba su magani, masu cin abinci suka ɗauka. Waɗanda na hana ba su iya ɗauka ba, su suka riga mutuwa."

"Masu cin fa? Sun warke?"

Ta so ta ce e. Ta ji Ummu Ramzi ta daina yanka a kicin.

"Wasu sun daɗe," ta ce.

Ya jima yana kallon hannuwansa. "Wato duk wahalar nan da ɓeran ya sha, a banza."

"A banza, Yaya."

"Kuma shi a ransa yana taimakon ƙanwarsa ne, kada a ce aikinta ƙarya ne." Ya yi 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Allah ya isa tsakanina da talabijin."

Ya miƙa hannu ya gutsuri basbusar, ya tauna a hankali kamar mai koyon ci. Ya ce ruwan sukarin ya yi yawa, a gaya wa Ramzi ba tafki aka ce ya yi ba. Ya ƙara gutsura. Ya ɗaga murya ya ce, "Ummu Ramzi, kumburin hantar nan yana son shinkafa." Daga kicin aka ji ƙarar tukunya.

Ya ci, ya ɗan ciko, har likita ya yarda aka fara magani. Amma watannin da ya yi yana yunwa sun riga sun tafi da abin da ba ya dawowa. Ya rasu ana saura kaɗan mauludi, lokacin da shagon ke cike da buhunan sukari da gyaɗa. Har ya tafi babu wanda ya kira sunan ciwon a gabansa, shi ma bai kira ba.

A zaman makoki aka zagaya da gahawa marar sukari, kamar yadda ake yi. Insaf na zaune cikin mata da ƙaramin kofi a hannu, wata tsohuwar maƙwabciya ta matso ta dafa gwiwarta.

"Allah ya ji ƙansa. An ce a ƙarshe ya koma cin zaƙi, shi ya ƙarasa shi. Da ya riƙe maganarki, ya Duktura, da yanzu yana nan. Ni dai mijina tun da ya kwanta ko burodi ban bari ya gani ba."

Insaf ta ajiye kofin. "Hajiya, saurara. Maganar tana da ƙarshe. Idan aka hana shi abinci..."

Sai mai karatu ya ɗaga murya a lasifika daga rumfar maza, matan suka yi tsit, tsohuwar ta gyara mayafi ta juya wajen karatun. Insaf ta kama gefen mayafin ta riƙe, tana jiran a kai ƙarshen aya.