Fulawar da Iya ta bari

Da yawanmu muna zaton in fulawa ta yi yaushi, ƙishirwa take ji. Ni ma haka na ɗauka, har na kusa kashe wadda kakata Iya Dudu ta bar mini.

Jiya na tsaya da bokiti a kanta, karo na uku tun safe, ganyenta sai ƙara rawaya yake yi. Sai na tuna wata rana a rumfar Iya kusa da gadar Binuwai, nan Garwa, inda ta shekara talatin tana sayar da furanni. Wani ma'aikaci ya dawo mata da shuka a langaɓe.

"Iya, kullum ina ba ta ruwa!"

Ta tura yatsa cikin tukunyar, ta zaro shi duk laka. "Ɗana, ka tambaye ta kafin ka ba ta? Saiwar ce take ruɓewa."

Na ajiye bokitin, na tura yatsana. Laka ce zalla. Na yi dariya har da hawaye. Na mayar da ita inuwa ta sha iska, yau ganye biyu sun miƙe.

Allah ya jiƙan Iya. Ku ma ku taɓa ƙasar shukarku kafin ku zuba ruwa, ku faɗa mini abin da yatsa ya ji.