Muryar da Inna Kulu Take Jira

Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne yatsan Balki, tana zane a cikin toka a bakin murhu. Ta zana zobe ta share, ta sake zanawa. Balki ɗiyar kawuna ce, an kawo ta gidanmu da ke unguwar Gidan Dare bayan arba'in ɗin mahaifiyarta. Kowa yabonta yake yi. Ba ta kuka, ba ta ƙiwuya, ba ta neman ƙarin tuwo. "Wagga yarinya akwai haƙuri," in ji matan gida.

Kakarmu Inna Kulu tana da al'adarta in za ta yi mana tatsuniya. Bayan magariba, in an sauke tukunya garwashi ya kwanta, sai ta miƙe ƙafa ta ce, "Ga ta nan ta shigo gida." Mu amsa, "Ta zamna mu ji ta." Sai dai ba ta farawa sai ta ji muryar kowa, domin idonta ya yi rauni, da kunne take ƙirga mu.

Ran nan sau uku muna amsawa. Ni na ƙagu, ina jiran tatsuniyar ɗan sarkin nan da ya bi masoyiyarsa har ƙarƙashin ruwa.

"Murya guda ba ta iso ba," in ji Inna.

"Inna ki hwara mana, Balki kunya ta ka ji," na ce.

"Ke Nana, baki kamar gangar biki. Wa yat tambaye ki?"

Sai ta ajiye ɗan sarki ta ɗauko makiyayi. Wai yana da awaki, kullum da yamma duk wadda ta yi kuka ita yake dubawa, ya cire mata kaska, ya ƙara mata harawa. Akwai wata fara da ba ta taɓa kuka ba. Yana nuna wa mutane ita yana cewa, ga mai haƙurin garke. Wata safiya ya tarar da ita kwance ba rai. Da aka duba, ashe ƙaya ce ta tokare mata maƙogwaro tun tuni.

"Mai kuka da sauran ƙarhinai," Inna ta ce. Ta laluba ta kamo hannun Balki. "Taho nan, ɗiyata. Mi yat tsaya maki ga wuya?"

Kukan da Balki ta yi ban taɓa jin irinsa ba. Ni kuwa haushi na ji, an hana ni ɗan sarkina.

Yanzu a wani ofis nake aiki a unguwar Arkilla, inda ake horar da malaman makaranta yadda za su gane ɗalibin da damuwa ta danne, da inda za su kai shi a taimaka masa. Nawa aikin shi ne waya. In rubuta saƙo, in naɗi murya, in haɗa hoto, in tura guruf ɗin malamai. Na gaji, ba zan ɓoye ba. Idona yana zafi, kuma amsar ba ta wuce "Masha Allah" da hoton babban yatsa. Su nake tattarawa in nuna wa shugabarmu a matsayin nasara.

Balki tana cikin guruf ɗin, domin ta zama malamar firamare. Wata rana ina cikin tattara amsoshi sai na ga wata biyu ba ta ce uffan ba, ni kuma ban lura ba. Ni da nake rubuta wa mutane cewa su kula da mai shiru! Na kira ta.

"Lahiya lau, Nana," ta ce, da muryar nan ta bakin murhu.

Na ajiye aiki na hau keke. Na same ta a ɗaki, labule a sake. Ɓari ta yi, na uku ke nan, kuma ta daina zuwa makaranta. Maƙwabta suna ta yaba haƙurinta. Ban karanta mata ko ɗaya daga cikin saƙonnina ba. Na kamo hannunta na yi mata tambayar Inna.

Inna Kulu ta daɗe da rasuwa. Balki ta ga likita, ta koma aji bayan hutu. Har yau ba ta cika magana a guruf ba. Amma in tana kiran suna da safe, ɗaga hannu ba ya isarta. Takan tsaya da biro a sama, ajin duka yana jira, sai ta ji muryar yaron da kunnenta.