Jerin Duwatsun Kaka Ɗanjuma

Shekara talatin ke nan cif da muka kai kakana, Malam Ɗanjuma, makwancinsa a ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Roni. Allah Ya jiƙansa. Ban yi niyyar rubuta komai bana ba, sai da na je gonarsa na ga abin da jikokinsa suka mayar da ita.

Yana saurayi wani Bature mai awon ƙasa, wanda yake yi wa girki, ya tafi da shi ƙasarsu Sikotilan, tsakanin yaƙin Turawa na farko da na biyu. Shekara guda ya yi. Duk wanda ya zo masa da ɗokin jin labarin aljannar duniya, da sanyin gwiwa yake komawa. Abin da Kaka ya gani shi ne ƙarti majiya ƙarfi suna zaman kashe wando a bakin ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, matansu na layin karɓar miya. A shekarar ne kuma aka kwashe mutanen wani tsibiri kakaf, har da tumakinsu, don zaman ya gagare su. Yakan taɓe baki ya ce, "Waɗannan fa su ne muke tuɓe wa takalmi mu durƙusa."

Abu ɗaya tak ya ga ya isa a ɗauko. Wani tsohon makiyayi ne ya koya masa jera dutse a kan dutse, ba laka ba siminti, yadda ruwa zai bi ta tsakani ya wuce, ƙasa ta tsaya. Da ya dawo ya karɓi gangaren da kowa ya ƙi, ya yi masa jeri bakwai. An yi masa dariya har aka gaji. Geron gangaren nan ne ya raini iyayenmu.

To, yau jikokinsa ba su da magana a wurin biki sai "kakanmu ya je Turai." Ƙanina Sabi'u har ya ƙara wa hotonsa girma ya rataye a falo. Shi ne kuma bara ya kira masu tifa suka kwashe jeri shida aka fasa tsakuwa. Damina ɗaya ruwa ya tsaga gonar, ta koma kwazazzabo. Da na tare shi, ko kunya babu, ya ce, "Haba Yaya, dutse ne fa. Garin nan akwai abin da ya fi dutse yawa?" Da Kaka zai ji wannan, ba na jin zai ɓata yawunsa. Kallon da yake wa akuyar da ta shiga rumbu shi zai yi masa.

Jerin da ya rage shi ne ke riƙe da ɗan yankin da Gwaggo Hanne, autar Kaka, take nomawa ta ci. Shi ma ya zube a tsakiya, ga damina ta matso. In ba a gyara ba, bana ba ta da hatsi. Na tuɓe riga na kama aiki, ina ta sababin lalacewar 'yan zamani. Sau uku ina jerawa, sau uku yana rushewa.

Gwaggo tana zaune tana kallona. Can ta ce, "Kai ma ai labarin kake zuwa ji. In kakanka ya miƙe zai tafi gona, sai ka ce kana da karatu." Ta nuna dutsen da ke hannuna da sandarta. "Juya shi, tsawonsa ciki yake kallo. Dutse ɗaya a kan biyu."

Kunya ta kama ni sosai. Mu da muka yi boko hoto muka gada da surutu. Ainihin abin da ya ɗauko daga can yana cikin kan tsohuwar da ba ta iya ɗaga dutse, ba kuma wanda ya taɓa tambayarta. Yanzu kullum da safe ina ɗauko dutse tana nuna mini mazauninsa. Mun rufe rabin ɓarakar, jiya kuma hadarin farko ya haɗu a gabas.