Kasko a Ƙarƙashin A-kori-kura

Da aka raba gadon maigidana, a-kori-kurarsa ta faɗo a rabona da na yara. Tsohuwa ce tukuf, mai shan gas, amma da ita nake ɗauko masara da wake daga kasuwar Sabon Gari zuwa shagona a Samaru. Da ita muke ci.

Hali ɗaya gare ta. Idan sanyi ya sauko, baƙin mai yakan yi kauri a injin kamar kunun da ya kwana, ko ka murɗa makulli har batir ya mutu ba za ta tashi ba. Marigayi ya koya min maganinta, shi ma wajen direbobin Chikaji ya gani: a zuba garwashi a kasko, a yayyafa toka, a tura ƙarƙashin injin, a je a karya kumallo. Kafin a dawo, man ya saki.

Shekara da shekaru yana yin haka a ƙofar gida, babu wanda ya ce uffan. Ni ina farawa unguwa ta ɗauka, wai ga bazawara can tana yi wa mota turaren asiri. Har ɗaliban da ke haya kusa da mu suka koma leƙe ta taga. Abin ya ci min rai, amma ban fasa ba.

Wan mijina dama so yake a sayar da motar, wai tuƙin a-kori-kura ba na mace ba ne. Da maganar ta kai kunnensa, sai ya ce ashe turaren ne ke korar masu saye. Wata safiya mai tsananin sanyi sai ga shi da wani dillali.

“Ba shi makulli,” in ji shi. “Kuma kar in ga kaskon tsubbun nan yau.”

“To, Yaya.”

Na miƙa, na koma kan benci na zauna. Dillali ya murɗa, mota ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake, ya sake, har na ce, “Malam, ya isa, kar ka kashe min batir.”

Ya sauko yana karkaɗe hannu. “Alhaji, wannan ai gawa ce.” Ya tare keke ya tafi.

Yaya ya juyo kaina. “Me kika yi mata?”

“Abin da ka hana ne ban yi ba.”

A gabansa na ɗauko kaskona na tura. Na shiga na sha kokona a tsanake, na fito na janye shi, na hau. Murɗa ɗaya ta tashi, har tagogin ɗalibai suka amsa.

Yaya ya tsaya a gaban motar yana laluben waya. “Bari in kira dillalin ya dawo.”

Na leƙo da kaina. “Yaya, ƙanenka bai bar wa kowa kaskon nan ba sai ni. Matsa, masara na jirana.”

Ya matsa.