Rijiyar da Surukina Ya Bari

Ƙarar guga ce ta fara sanar da ni. Ba cunɗum ɗin da na saba ji tun ranar da aka kawo ni gidan nan ba ne, wani daɓ ne kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma. Na janyo igiya, sai ga laka rabin guga.

Surukina, Allah ya jiƙansa, shi ya haƙa rijiyar a tsakar gidanmu, ya ce sadaka ce mai gudana, kada a taɓa hana kowa. Shi ya sa ƙofarmu ba ta rufuwa da rana. Matan layinmu su shigo su ɗebi na girki da na gumin shinkafa, duk wadda ta ja guga sai ta ce, "Allah ya kai lada kabarin Baba." Ko lokacin da ake rufe ruwan kanal don gyara, rijiyar nan ba ta taɓa ƙafewa ba.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na yi murna da garinmu Kura ya buɗe. Ga kantin magani a bakin layi, ga adaidaita har ƙofar gida, ga makarantar da yara za su je da ƙafa. Mutanen birni suka yi ta zuwa suna yabo: ba cunkoso irin na Kano, ba kuma ƙauye ba, fili da sauƙi, shinkafa a bakin ƙofa, ruwa kuwa ko'ina. Ruwa ko'ina! Wannan kalmar har yau tana ƙona min rai.

Cikinsu wani Alhaji ya sayi filin bayan gidanmu zai kafa injin shinkafa. Aka tara mazan unguwa a ƙofar masallaci bayan la'asar. Suka yi tambaya kan hanyar manyan motoci, kan ƙara, kan ko za a ɗauki samarinmu aiki. Aka raba goro, aka shafa fatiha. Babu wanda ya tambayi inda injin zai samo ruwan jiƙa tulin shinkafar nan. Ina za su tuna? Su ruwa a buta suke ganinsa, an riga an zuba an ajiye. Mu da tafin hannunmu ya yi kanta saboda jan igiya, ko aike ba a yi mana ba.

Injin bai daɗe da fara aiki ba guga ya soma taɓo laka. Muka sa aka yashe rijiyar, ruwa ya leƙo ya koma. Sai na lura da wani abu, na tari maigidana yana cin tuwo.

"Malam, bohol ɗin injin nan ne yake shanye mana rijiya."

"Ke kuma! Yaushe kika zama injiniya?"

"Ranar Juma'a da suke hutu ruwa yana taruwa. Asabar kafin hantsi ya gudu. Wannan sai an je jami'a?"

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. Rijiyar mahaifinsa ce, na ga abin ya taɓa shi. Amma abin da ya ce shi ne, "Mun riga mun shafa fatiha. Da wane baki zan koma?"

"Da bakin da ka ci goron."

Ban taɓa faɗa masa irin wannan ba, kuma na nemi gafararsa. Maganar ce ban janye ba.

Ya je, shi da mai unguwa. Alhajin ya karɓe su da mutunci, aka ce, har ya sa famfo a jikin katangarsa don jama'a. Aka yi ta sa masa albarka a masallaci. To amma a ina famfon yake? A bakin titi, inda direbobi da 'yan dako suke zaman jiran lodi. Wace matar aure ce za ta je nan ta tsaya da bokiti? Sai 'yan mata ƙanana. Autata, wadda ko haƙoran gabanta ba su gama fitowa ba, ita ke rungumo jarka tsakanin tayoyin tirela, ni kuwa ina bayan ƙofa ina karanta duk addu'ar da na sani har ta shigo. Gidan da yake shayar da layi guda!

Ana cikin haka ƙanena ya zo daga Kumbotso, yana ta santin garin. "Yaya, wallahi nan zan dawo. Ruwan leda zan fara bugawa, ai ruwa kusa yake a nan." Na kama hannunsa har bakin rijiya, na ce ya leƙa. Ranar ko shayi ban dafa masa ba.

Yanzu matan layin sai Juma'a suke shigowa, kowace da ɗan bokitinta, suna jin nauyin juna. Sauran ranakun tsakar gidan shiru, igiya a naɗe a jikin ƙusa.

Wani yammaci autar ta dawo daga Islamiyya, an koya musu ayyukan da ladansu yake bin mutum bayan ya mutu. Ko hijabi ba ta cire ba, ta je ta ɗaga murfin rijiyar ta daɗe tana kallon ciki. Sannan ta juyo.

"Umma, to yanzu Kaka ranar Juma'a kawai ake kai masa lada?"