Ranar da Na Sa Aka Kulle Ni Ta Waje

Ko zan manta da komai a rayuwata, ban da wata Laraba da na sa matata ta kulle ni a ɗaki ta waje. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, domin laifin nawa ne ni kaɗai.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, a sakandare na tsaya. Allah dai ya ba ni baiwar tsara labari, har na samu ina rubuta wa wani gidan rediyo wasan kwaikwayo a nan Gusau. Duk Alhamis nake kai rubutu a ɗauka. Ba ni da ofis, a ɗakin da ke cikin zauren gidana nake aiki. To kun san mutanenmu, in dai an ga takalminka a bakin ƙofa, ai zaman banza kake. Wannan ya yi sallama a cika masa takarda, wancan ya zo gaisuwa ya zarce da hirar siyasa. Ni kuma bakina ba ya iya cewa "aiki nake", don kada a ce na fara girman kai.

Ana nan sai mahaifina ya zo daga Bilbis ganin likita saboda hawan jini, aka ce ya zauna wurinmu wata guda. Manomi ne, bai saba zama wuri ɗaya ba. Da na ɗora biro a takarda sai in ji, "Kai, malam na biro! Zo ka kamo mini tasha." Na kamo. Can kuma, "Zo ka duba, wannan ƙwayar ta safe ce ko ta marece?" Laraba ta zo ban rubuta ko rabi ba, ga shi an riga an gargaɗe ni cewa in na sake makara za a ba wani filin.

Nan Shaiɗan ya kawo mini dabara. Matata za ta je barka Bungudu da yara, ta dawo kafin azahar. Na ce ta rufe ni a ɗakin da kwaɗo ta waje, ta tafi da makullin, duk wanda ya zo ya ga kwaɗo ya juya.

Ta dube ni ta ce, "Malam, Baba fa?"

Na ce, "Zan ce masa na tafi Tsafe. Awa nawa ne duka?"

Ta ce, "Ni dai raina bai kwanta ba."

Na yi mata tsawa, ta karɓi makullin. Na shiga na durƙusa gaban mahaifina na shirga masa ƙarya. Har addu'ar hanya ya yi mini, ya ce in kula, hanyar ba lafiya. Na fito na shige ɗaki da takalmina a hannu, na kashe waya, na saki labulen tagar da ke kallon tsakar gida. Na ji ƙarar kwaɗo, na ji fitarsu, na ji Baba ya biyo ya sa wa ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida sakata.

Rubutu ya yi ta zuba kamar ba ni ba. Wajen hantsi sai na ji famfon tsakar gida ya fara tari. Ruwa ya zo, bayan kwana da kwanaki babu. Na ji takun Baba, na ji ƙarar bokiti, yana cewa shi kaɗai, "Ga ruwa ga gida ba kowa." Na san sarai abin da yake yi: jidar ruwa yake yana cika duro, mutumin da likita ya hana ɗaukar nauyi. Wallahi na sani. Amma na ce a raina bari in ƙarasa wannan fitowar tukuna. Wannan "bari" ita ce ta fi ci mini rai har gobe.

Sai na ji tim, bokiti ya gangara, ruwa ya watse. Sannan shiru.

Na yaye labule. Ga Baba kwance a kan jiƙaƙƙen siminti, ƙafarsa ɗaya a karkace, rana na dukan fuskarsa. Yana ta salati a hankali. Bai kira kowa ba, don a saninsa babu wanda zai ji.

Na ƙwala, "Baba!"

Ya juyo da kai da ƙyar. "Wa ke nan?"

"Ni ne, Baba."

Ya daɗe yana kallon tagar. "Kai na? Ba ka tai Tsafe ba?"

Na ruga na jijjiga ƙofa, na doke ta da kafaɗa, ƙarfe ce, ko gezau. Na dawo na kama ƙarafan taga ina ja kamar mahaukaci. Tsakanina da mahaifina bai fi taku goma ba. Na kunna waya, sai na ga ta fi kullum nauyin tashi. Na kira matata, hayaniyar mata ta hana ta ji. Na kira maƙwabcina, mai walda ne a bakin layi.

Ya ce, "A'a, mutanen Tsafe! Ɗazu na gamu da iyalinka suka ce can ka tai, na leƙa na ga kwaɗo."

Na ce, "Ina cikin ɗakin. Baba ya faɗi. Ka hauro katanga, don Allah, ƙofa da sakata."

"Cikin ɗakin? Mi kaka yi ciki da kwaɗo?"

"Ka zo kawai!"

Kafin ya zo, Baba ya daina salati, idonsa ya lumshe. Na yi ta kiransa ina roƙon ya yi magana, ko zagina ne ya yi. Da maƙwabcin ya diro da guduma ya nufi zaure, na ce ya bar ni, ya ɗauki Baba. Ya zare sakata, ya kira mutane, aka sa Baba a napep. Ina ji suka tafi asibiti da mahaifina, ni kuwa ina kulle, sai da wani ya dawo ya fasa kwaɗon.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma daminar nan bai taka gona ba, kuma bai sake tafiya ba sai da sanda. Filin rediyon kuwa an ba wani, ban ko je ba da haƙuri ba.

Kwanansa uku a gadon asibiti kafin na iya durƙusawa na nemi gafara. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Ni ma in ina tsakiyar huɗa ban son kira. Da ka ce mini aiki kaka yi, da na jira ka tashi. Sai ka maishe ni baƙon da aka ɓoye ma?"

Na koma rubutu daga baya, kuma har yau ana katse ni. Yanzu nakan fito in gaisa da mutum, in ce masa aiki nake, ya dawo bayan la'asar. Wasu su ji haushi, ya wuce. Abin da na koya shi ne, kunyar faɗin gaskiya ta minti ɗaya ce, amma ƙaryar da na yi don in guje mata, mahaifina ne ya ɗingisa da ita har ƙarshen rayuwarsa.