Wa zai tashi Nagat yanzu, Dakta Rifa'at?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun shekarar da ruwa ya sauko daga dutse haɗe da man fetur yana ci da wuta ya share gidajen Durunka, ban ƙara jin labarin da ya gigita ni ba sai ranar Talatar nan, tara ga watan Tuba na sanyi a lissafinmu na manoma. Ina bakin gona direban ƙauyenmu ya tsayar da mota ya ce, "Ya Hajj Zanati, likitanku na Asyut ya rasu. Zuciya ce." Na ce masa ƙarya yake yi. Ashe ni ne ban so in ji ba.

Dakta Rifa'at, ban yi makaranta ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Na kawo maka jikata Nagat, marainiya, bayanta ya karkace kamar lauje, tana jan ƙafa. Ka ɗaga hoton bayanta a hasken taga ka nuna mini ƙari a jikin jijiya. Ka ce ba ciwon daji ba ne, amma yana danne laka, shi ne kuma ya lanƙwasa ƙashin. Na ce babu mai tsaga mini yarinya. Ka ce, "Ya Hajj, da zan samu ƙashin kan nan naka, ai da ban nemi ƙarfen miƙe bayanta ba." Na ja hannunta muka fita. Ranar Juma'a sai ga ka a dakalina, kana shan baƙin shayina mai ɗaci kofi bayan kofi, har na gaji na yarda.

Kafin aiki ka tambaye ni sunan da nake tashinta da shi da safe. Ka ce in ka cire ƙarin ka ɗaura ƙarafa, za ku farkar da ita bayanta a buɗe, a ce ta motsa yatsun ƙafa. In ba su motsa ba a sassauta ƙarfe nan take, kafin laka ta mutu. Wanda allura ta kwantar kuwa ba kowace murya yake amsawa ba. Na ce Agwagwa nake ce mata, saboda tafiyarta. Ka sa na yi ta maimaita kiran, kai babban likita kana kwaikwayon tsohon manomi a gaban ma'aikatanka, har Nagat ta ce, "Wallahi Kaka, ya fi ka iyawa." Ranar aikin wata ma'aikaciya ta fito tana dariya tana share ido, ta ce ka kira, Agwagwa ta kaɗa yatsu. Da ƙafarta ta koma gida, ta kere ni tsawo.

Bana wani ƙarin ya tsiro sama da na farko. Ka ce ƙarami ne, mu dawo bayan girbin alkama. Alkama ko kai ba ta fitar ba ka tafi. Yanzu ƙafarta ta hagu ta yi nauyi. Jiya takalmi ya zame mata a hanya, ba ta sani ba sai da na tsinto shi. Matasan da ka koyar sun karɓe ni da ladabi, suka ce wurin da wuya, sai Alƙahira. Da na gaya mata sai ta ce, "In sun tashe ni ban ji ba fa?"

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya miƙe maka hanya yadda ka miƙe bayan marainiya. Ina yi wa matarka Sitt Wafiyya da 'ya'yanka ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu ma a yi mana.

Gobe da safe zan sa Nagat a jirgin ƙasa mu tafi Alƙahira, garin da na rantse ba zan taka ba. Duk likitan da ya karɓe ta zan tsaya a ƙofarsa in koya masa kiran. In ya ce ba shi da lokaci, to su sa mini rigar asibiti in shiga in kira ta da kaina.